Sunan da Na Kasa Kira a Bakin Ruwan Ikko

Ni na zaɓi masaukin, gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa mini. Autana ya kama mana ɗaki a wani dogon otel a Ikko, na tsaya gaban mutane na ce ba za mu kwana a ciki ba, kuma ba mu kwana ba. Duk wanda ya san ni ya san in na kafe a kan abu, to sai dai haƙuri. Shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare a Maska, kuma har na bar aiki ba a taɓa cewa muryata ba ta kai bayan aji ba.

Autan namu yana aiki ne a tashar jiragen ruwa. Wata shekara bayan an gama kaka, kamfaninsu ya shirya wa ma'aikata tafiyar shaƙatawa a wani babban jirgin ruwa, kwana huɗu ana bin gaɓar teku a dawo, kowa ya zo da mutum biyu. Abokansa duk matansu suka ɗauka. Shi ba shi da mata lokacin, sai ya ce iyayensa zai kai. Da na gaya wa Malam, maigidana, sai ya yi dariya ya ce, "Malama, ruwan da ba a ban-ruwa da shi, me za a je a kalla?" Haka yake kirana tun ina amarya, Malama, rabi girmamawa rabi tsokana. Ni da shi babban ruwan da muka taɓa gani shi ne madatsar Mairuwa. Amma ya yarda, don bai iya ce wa autan nan a'a.

Akwai abin da yaron bai sani ba, kuma ni na hana shi sani. Damina biyu ke nan Malam ya fara mantuwa. Da farko kunya ɗaya zai shuka sau biyu. Daga nan sai ya gama cin tuwo, ya wanke hannu, ya tambaye ni ko yau ba a yi girki ba. Kullum bayan asuba zai saɓa fartanya ya nufi gona, damina ko rani. Wata rana ya tsaya a gonar, wata rana ya wuce ta ya miƙi hanyar Funtua. Ban taɓa rufe masa ƙofa ba, don ba inda zai je a ƙasar Maska da ba a san shi ba. Kafin hantsi za ka ji babur ya tsaya a ƙofar gida, ɗan acaɓa ya yi sallama ya ce, "Malama, ga Baba nan, hanyarmu ta zo ɗaya." Ba wanda ya taɓa ce mini mijinki ya ruɗe. Gari guda suka taya ni rufa masa asiri, ni kuma na ɗauka dabarata ce.

In yara suka bugo waya, kusa da shi nake zama ina raɗa masa sunan mai magana. Na san in suka gane, za su karɓe gonar su ba wani, su zaunar da shi a zaure. Mutumin da ake zuwa tun daga Gozaki a tambaye shi ko ruwan farko na shuka ne ko na yaudara! Ban iya ganin haka ba.

Akwai kuma wani abu da na lura da shi a damina ta biyu. Sai ka ce masa Malam, ka ce Alhaji, ya yi shiru kamar da wani ake. Ranar da yayarsa ta zo daga Ƙarfi, tana shigowa ta kira shi da sunansa na yanka, nan take ya waiga ya amsa. Na gani, na adana a raina. Ni kuwa sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Haka muka taso, mace ba ta kiran sunan mijinta. Ko a aji in na zo kan yaro mai irin sunan a rajista, sai in ce "mai sunan Malam", yara su ƙyalƙyale da dariya, shi kuma ya amsa.

Muka yi mota ta Malumfashi zuwa Kano, muka hau jirgin sama, autan ya tarbe mu a Ikko da motar abokinsa. Jirgin ruwan washegari da la'asar zai tashi, don haka kwana ɗaya kawai za mu yi a gari.

Otel ɗin da ya kama mana, wallahi ba laifinsa. Masu gadi biyu a ƙofa, ga mutane a kan tebur suna ganin duk mai shiga da fita, ɗaki kuma ba ya buɗuwa sai da kati. Ɗakinmu yana hawa na tara. Muka shiga akwatin nan da ke hawa da mutane sama, ƙofa na rufewa Malam ya damƙe mini hannu har sai da na ji zafi, ya fara karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Na ga yaron yana kallonsa. Muna fita na soma faɗa, don in janye idonsa daga kan ubansa.

"Wannan ne masaukin? Taga ba ta buɗuwa, ba inda mutum zai tsuguna da buta, ba inda zai shimfiɗa tabarma ya sha iska. Ka kawo tsoho ka rataye shi a sama kamar damin dawa?"

"Mama, nan ya fi tsaro," in ji shi.

"Tsaron me? Ɓarayi ne mu da za a tsare?"

Na dai yi ta yi har ya sauko da jakunkunanmu. Muka koma mota muka shiga gari neman wani wurin. Kai, Ikko! Mota ta yi taku uku ta tsaya, masu talla suna bin gilashi, motocin haya masu ruwan ɗorawa suna kutsawa ta inda ko akuya ba za ta bi ba. Muka hau wata gada da na zaci ba ta da ƙarshe, ruwa hagu ruwa dama. Malam ya leƙa ya ce, "An yi ambaliya a garin nan." Yaron ya yi dariya, ya ɗauka barkwanci ne. Ni ma na taya shi dariyar.

Wuri biyu muka duba na ƙi. Ɗaya kiɗa ya yi yawa, ɗaya kuma bene ne. Na ukun ni na hango shi da kaina, a wani layi da ke gangarawa bakin ruwa. Gida ne na ƙasa, ɗakuna shida sun kewaye tsakar gida, ga famfo, ga bishiyar mangwaro, ƙofar waje a buɗe. Mai gidan wata dattijuwa ce Bayarabiya, mai fara'a, tana ɗan jin Hausa. Malam na shiga ya cire takalmi ya zauna a gindin mangwaron ya miƙe ƙafa. Na ce, "Yawwa, ga gida." Har ga Allah abin da na gani ke nan, wuri irin namu, inda mutum zai fita ya shigo ba mai tambayarsa. Ban tsaya na tuna cewa a wajen ƙofar nan ba wanda ya san shi ba.

Da yaron zai tafi wajen kwanansa, na raka shi bakin ƙofa. Ya tsaya yana juya makullin mota a hannu.

"Mama, lafiyar Baba ƙalau kuwa?"

"Me ka gani?"

"Ɗazu ya tambaye ni ko ni ne direban."

"Gajiya ce. Kai in ka kai shekarunsa aka jijjiga ka a sama aka jijjiga ka a ƙasa, sunanka ma sai ka nema. Jeka, Allah ya tashe mu lafiya."

Ya tafi. Tambaya ya yi mini a fili, ni kuma na rufe masa baki da faɗa.

Da asuba muka yi salla, na bar Malam a kan darduma yana jan carbi, na shiga wanka. Ban daɗe ba, Allah shi ne shaida. Na fito na tarar da darduma a naɗe, takalmansa babu. Mai gidan tana shara a tsakar gida. Ta ce Baba ya gaishe ta da kyau, ya ɗauki lemarta da ke jingine a bango, ya saɓa a kafaɗa ya fita. Ta zaci ya ga hadari ne.

Ina jin ta ce ya saɓa a kafaɗa, na san gona ya tafi. Na zari mayafi na fita ba ko takalmi.

Layin ya cika da masu sammakon aiki, kowa yana gangarawa bakin ruwa. Ashe a ƙarshen layin akwai tashar ƙananan jiragen da ke tsallakar da mutane zuwa wasu unguwanni. Wajen cike yake da 'yan Arewa, 'yan dako da masu shayi da masu wankin takalmi. Na tambayi wani mai shayi, ya ce ƙwarai wani tsoho da lema ya wuce yanzun nan. Na kutsa cikin mutane har na kai wani shingen ƙarfe, sai na hango shi. Yana cikin layin masu shiga jirgi, farar hularsa, lema a kafaɗa, yana tafiya a natse yadda yake bin hanyar gona. Ban san wanda ya biya masa ba, ban san yadda aka bar shi ya wuce ba. Tsakanina da shi bai fi daga ƙofar aji zuwa bakin filin makaranta ba, sai dai ƙofar shingen tana can ɗaya gefen, mutane sun toshe ta.

Na ɗaga murya na ce, "Malam!"

Mutum ya fi goma suka waiga. A garin nan duk Bahaushe Malam ne. Shi bai waiga ba.

"Alhaji! Alhaji!"

Wasu suka ƙara waigowa. Na ce baban yara, na ce maigida, na tafa hannu, na buga shingen. Ya sa ƙafa ɗaya a kan katakon shiga jirgi.

Na san abin da zan kira. Ba zan ce ban sani ba, ba zan ce na ruɗe ba. Sunan ya taso mini har maƙogwaro, na buɗe baki, sai na ga idanun mazan nan duk a kaina, mutanen gida, masu jin abin da zan faɗa. Na mayar da bakina na rufe. Wani ɗan dako mai furfura ya matso ya ce, "Hajiya, wa kike kira? Faɗa mini sunansa in ƙwala masa." Ko shi ɗin na kasa gaya wa kai tsaye. Sai na kama kewaye-kewayen da na saba, wancan mai lemar, mutumin Maska, mai farar hula. Bawan Allah ya yi ta ƙwala "mai lema, mai lema", inji ya tashi ya danne muryarsa. Ina tsaye riƙe da ƙarfe jirgin ya ja baya, ya juya. Malam ya samu wuri a gefe ya zauna, ya ɗora lemar a cinya, yana kallon gaba.

Da wayar ɗan dakon na kira autana. Kafin ya iso rana ta ɗaga. A tsaye a wajen na gaya masa abin da na ɓoye damina biyu, bai ɗauke ni ko minti uku ba. Na so ya yi mini ihu, na so ya zage ni ma. Bai yi ba. Ya dube ni ya dubi ƙafafuna, ya cire takalminsa ya ajiye mini.

"Kina ganinsa ya shiga?"

"Ina ganinsa."

"Ba ki kira shi ba?"

"Na kira."

Ya juya ya nufi wajen biyan kuɗin jirgi, na bi bayansa.

Muka shiga jirgi na gaba. Hawana ruwa na farko ke nan a duniya, kuma ban ji tsoro ba, don ba sauran wurin tsoro a cikina. Jirgin yana tsayawa a tasha uku, ba wanda ya san a wacce tsohon ya sauka. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Muka hau keke mai ƙafa uku, muka hau babur, muka taka da ƙafa. Muka kai rahoto wajen 'yan sanda, muka je gidan Sarkin Hausawan kowace unguwa, muka bar hoto da lambar waya a masallatai. Duk inda na ga farar hula sai in ruga in leƙa fuskar mai ita. Duk inda na ga mutane sun taru a bakin ruwa suna kallon wani abu, sai in tsaya daga nesa, yaron ya je ya duba ya dawo ya girgiza kai.

Da la'asar muna tsallakowa a ƙaramin jirgi, babban jirgin da muka zo dominsa ya fito daga tasha. Fari fat, ya fi duk wani gini da na sani a Funtua tsawo, mutane a sama suna ɗaga hannu. Igiyar ruwansa ta zo ta jijjiga namu. Yaron ya sunkuyar da kai har ya wuce.

Kwana biyu muka yi a haka. Mai masaukin ta yi ta kawo mini abinci tana ba ni haƙuri a kan ƙofar da ta bari a buɗe, na ce mata ba ita ta buɗe ba. A rana ta uku da hantsi waya ta shigo daga wani limami a tasha ta ƙarshe. Ya ce masu lambu a bayan unguwarsu sun zo da labarin wani tsoho.

Wurin fadama ce a bayan gidaje, 'yan Arewa sun yanka ta fangali-fangali suna noman alayyafo da latas. Babbansu wani dattijo ne mutumin wajen Ƙafur. Ya ce shekaranjiya da hantsi tsohon ya iso, ya yi sallama, ya jingine lema, ya ce a miƙo masa fartanya rana tana yi. Daga jin Hausarsa ya san na gida ne. Sun tambaye shi suna da inda ya fito, ya ce a bari ya kai ƙarshen kunya tukuna. Suka ba shi abinci, suka ba shi wurin kwana a bukkarsu. "Hajiya," in ji dattijon, "ban taɓa ganin mai cire ciyawa da tsabta irin tasa ba."

Yana can ƙarshen lambun a duƙe. Yaron ya riga ni isa, ya durƙusa ya ce, "Baba." Malam ya ɗago ya ce, "Sannu samari, an zo lafiya?" ya koma kan aikinsa. Na matsa na ce, "Malam." Ko motsi bai yi ba.

Na tsuguna a cikin laka kusa da shi. Ga ɗana, ga dattijon, ga masu lambu sun kewaye mu. Na kira sunan. A hankali na faɗe shi, kuma ya fito ba wata wahala, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har yau.

Ya saki fartanyar ya juyo da sauri, fuskarsa ta washe. Ya kama hannuna da hannayensa biyu masu laka.

"Inna! Ina kika shiga? Na yi ta nemanki."

Mahaifiyarsa ta rasu tun kafin a haifi autan. Na waiga na ga yaron ya juya mana baya. Na ce, "Ga ni, tashi mu je gida."

A mota muka dawo Maska, don ba wanda ya sake yi mini maganar jirgi kowane iri. Likita a Funtua ya ce ciwon dama can zai kai nan, firgita da baƙon wuri sun dai gaggauta shi. Yaran suka yi ta maimaita mini wannan magana don in samu sauƙi. Na ji su. Amma ni na san da safen nan, kafin in shiga wanka, ya ɗago daga kan darduma ya ce, "Malama, kada ki daɗe." Mutumin da ya hau jirgin nan ya san ni. Da na kira shi a lokacin, da ya waiga ya ga matarsa.

Ya yi shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka. Ba ya cin abinci sai na kira sunan, ba ya yarda a yi masa wanka sai na kira sunan. Na kira shi a tsakar gida, na kira shi a ƙofar gida mata suna wucewa, har ya zama ba na jin komai. Kowane kira sai ya amsa da "Na'am, Inna", ni kuma in ce ga tuwo, ko ga ruwa.

Ranar da zai rasu, da hantsi ne, yara 'yan firamare suna ta hayaniyar hutun ƙarfe tara a bayan katangarmu. Ina ba shi kunu a cokali. Ya kawar da kai, ya kasa kunne yana sauraronsu, sannan ya riƙe mini wuyan hannu.

"Inna, ina Malama? Ta daɗe ba ta dawo daga makaranta ba."

Na ajiye cokalin. Na ce masa tana hanya.